Damin Geron Da Bai Wuce Zaure Ba

Na ji abin da kuke faɗa. Kada ku ga na tsufa ku zaci kunnena ya mutu. Ido ne ya yi rauni, shi ma ramin allura ne ya cinye shi. Tun ranar da mutanen jami'ar garinmu suka zo gidan nan da damin gero na ce a mayar, kuke ta ƙus-ƙus a gindin lemon tsakar gida. Wai Baba ya kunyata mu gaban manyan baƙi, wai rikicin tsufa ne ya kama shi. Har babban ɗana Sani, da bakinsa ba ya rufuwa tun yana goye, na ji ya ce da kujerar Makka suka kawo ai da ban mayar ba. To, madalla. Ku zauna ku karanta wannan, in kun gama sai ku ci gaba da gulmar in kuna da sauran baki.

Ni ne Modu, amma duk Fagge ba wanda ya san ni da wannan suna sai Mai Keke, saboda keken ɗinki na ci da kaina na ci da ku. Mahaifina Malam Kyari mutumin Rijiyar Goni ne, wani ƙauye can gabas, inda jami'ar take yanzu. Wata shekarar yunwa ce ta taso shi, ya zo Kano da matarsa Ya Kaltume, ni ina bayanta a goye. Ya sauka a Fagge yana dillancin kanwa da fata, da niyyar in damina ta gyaru ya koma. Damina ta gyaru, ta sake gyaruwa, shi dai kullum sai baɗi, har Allah ya ɗauke shi a nan, muka binne shi a nan. Abin da ya bari a gida gona ce guda, babba, ana ce mata Gonar Tudu. Tana bakin hanya, ruwa ba ya kwanciya a cikinta, ga rijiya a gefe, ga wata tsohuwar tsamiya a tsakiya. Da zai taso ya ba ƙaninsa, Baffa Bukar, aronta.

To ga abin da ba ku sani ba, kuma laifin ba naku ba ne tun da a kan siminti aka haife ku. A wajenmu in ka ba ɗan'uwa aron gona ba ka karɓar komai a hannunsa. Amma kowace kaka sai ya zaɓi zangarniya masu kyau ya ɗaure dami ɗaya ya aiko ƙofarka, ko kana ƙarshen duniya. Ba don ka ƙoshi ba ne. Shaida ce cewa gonar taka ce, shi riƙo yake yi. Magajin gida shi ke ɗaukar damin daga zaure ya shigar da shi ciki, kuma da ya shiga, aro ya sabunta ke nan. Ranar kuwa da mai gona ya tsaya gaban shaidu ya ce wa mai riƙo ya ɗauki daminsa, to ya saki gonar, shi da 'ya'yansa da jikokinsa, babu komawa.

Duk shekara, in an gama girbi, sai saƙo ya zo cewa motar gabas ta iso tashar Sabon Gari. In ajiye almakashi in tafi. Damin yana zuwa a nannaɗe cikin tsohuwar tabarma, can a saman buhuna, direba ya san shi kamar fasinja. In ɗora shi a ka in ratso kasuwa, in wuce kantunan Kwara, fararen fatar nan masu sayar da yadi, mutane suna yi mini dariya wai tela ya koma ɗan dako. Ina shiga gida mahaifiyata, da muke kira Inna, za ta tare ni, ba ta kallona, damin take kallo. Ta zare zangarniya ɗaya ta kai hanci ta daɗe tana shaƙa. Ranar ba mai taɓa turmi sai ita. Ita za ta sussuka, ta surfa, ta daka, ta kirɓa fura, a kai wa maƙwabta kowa ɗan dunƙule, ana cewa geron gida ya zo. Wallahi har yau ban sake shan fura mai wannan ƙamshin ba.

Inna ta yi shekaru a Fagge har gashinta ya yi fari, amma ba ta taɓa yarda ta zauna ba. In aka tambaye ta sai ta ce baƙi ne mu. Na so in sa mata siminti a ɗaki ta hana. Na so in saya mata gadon ƙarfe ta ce wa zai ɗauke shi ranar tafiya. A kusurwar ɗakinta akwai wani tulin kaya da ta rufe da zane, sababbin ƙore da tukwane da tabarmi da ludaya, ba mai taɓawa, sunansu kayan komawa gida. Ko itace ba ta bari an dasa a tsakar gidan nan ba, ta ce mutum ba ya dasa itace inda yake baƙo. Ta riga ta san inda za a gina mata ɗaki: gabas da tsamiyar, ƙofa tana kallon rijiya. Kuma da yake ni ne ɗan farinta, ba ta faɗin sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ina zaune gabanta za ta juya wajen uwarku Hajara ta ce, "A gaya wa mai keke abincinsa na hucewa."

A waɗannan shekarun, tsakiyar alif ɗari tara da hamsin, ina saurayin magidanci, gari ya cika da maganar mulkin kai. Yadi nake sarowa a Kantin Kwari, lokacin Kwara ne a kantunan, in ɗinka wa akawunan Sabon Gari gajeren wando na kaki da farar taguwa. Duk wanda ya zo awo da alƙalami a aljihu mutumin Kudu ne. Namu kuwa suna can suna dakon buhuna wajen dalar gyaɗa. Cikin masu kawo mini ɗinki akwai wani Mista Eze, ɗan gajere mai surutu, wanda ya tara mu bayan la'asar a barandar gidansa yana koya mana karatun boko, don kawai ya tsani ya ga babba yana dangwala yatsa. Da rubutun da ya koya mini nake rubuta muku wannan, Allah ya saka masa. Wata rana na tambaye shi yadda aka yi duk garinsu suka iya karatu. Ya yi dariya ya ce da Hausarsa mai karkacewa, "Mai Keke, ba wanda ya kawo mana. Wani tsoho ya ba da gonarsa, mu muka ɗauko ƙasa a kai muka gina makaranta." Na koma gida maganar tana yi mini yawo a ciki.

A kakar wannan shekara na je tasha ɗaukar dami, sai na ga Baffa Bukar da kansa yana saukowa daga mota, ƙafa duk ta kumbura. Bai taɓa zuwa Kano ba sai ta'aziyyar yayansa. Na zaci mutuwa aka yi. Ya ce lafiya lau. Amma da muka iso gida na sunkuya zan wuce da damin ciki, sai ya riƙe mini hannu ya ce in jingine shi a zaure tukuna. Inna ta ji muryarsa ta fito da murna, da ma akwai wasan ƙanin miji tsakaninsu.

"Bukar! Yunwa ce ta koro ka, ko matanka ne suka gaji da ganinka?"

Bai rama ba. Nan ta gane da magana, ta ja tabarma ta zauna a bakin ƙofa.

"Yaya," in ji shi, "hukuma za ta gina makarantar boko a gundumarmu. Guda ɗaya tal. An ce garin da ya ba da fili a bakin hanya, mai rijiya, wanda ruwa ba ya ci, shi za a ba. In ba mu bayar ba kafin a fara ginin rani, za a kai ta garin da ke gaba da mu. An duba an sake dubawa, babu irin wannan fili sai Gonar Tudu."

"To a ara musu mana," in ji Inna. "Kai ma ba aro aka ba ka ba? Su riƙa aiko da damin."

"Na faɗa musu haka. Sun ce hukuma ba ta gini a kan aro. Sai dai kyauta, gaban shaidu."

Inna ta dube shi, ta dubi damin. Sannan ta miƙe, ta kaɗe zanenta, ta ɗaga murya yadda Hajara za ta ji daga ciki.

"A gaya wa mai keke ya shigo da geron."

Ta shige. Ni kuwa ina tsaye kamar an kafe ni. Baffa ya ja ni gefe ya ce a shari'a mafi yawan gonar tawa ce, ƙanwata Falmata ba za ta ƙi ba, in na yi magana gaban alƙali shi ke nan an gama. Na ce masa Allah ya kiyaye in ƙwace wa mahaifiyata abin da take numfashi da shi ta bayan idonta. Amma kuma hannuna ya ƙi ɗaukar damin. Na san ina shigar da shi makaranta ta tafi, kuma ba za ta dawo ba. Na dubi Baffa, mutumin da wannan gona ke ciyar da gidansa, ya yi wannan doguwar tafiya da kumburarriyar ƙafa don ya roƙa a raba shi da ita. Na shiga na sami Hajara na ce ta gaya wa Inna ba zan ba da gona ba sai da yardarta, kuma ba zan taɓa damin ba sai ta saurare ni. Hajara ta dafe ƙirji ta ce, "Ni? Ni zan kai wannan saƙon? Ka rufa mini asiri!" Amma ta kai.

Haka damin ya zauna a zaure, bai shiga ba, bai koma ba. Gidan nan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Inna ta daina cin tuwon da aka yi da hatsin da na auno, ta koma dafa ɗan wakenta ita kaɗai a ƙofar ɗaki. Falmata ta zo daga gidan mijinta ta wanke ni tas, ta ce boko ya shiga mini kai, ta ce rabonta yana inda Inna take. Abokan sana'a suka rabu biyu a kaina. Wasu suna cewa ɗan da ya ƙi umarnin uwa ba ya gamawa lafiya, kuma ba zan ɓoye muku ba, wannan magana ta hana ni sukuni. Har wandon wani akawu na ɗinka ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya zo yana zazzaga mini Turanci. Baffa kuwa yana zaune kusa da damin da ƙaramar sanda yana korar kaji, kwanaki suna tafiya, lokacin gini yana matsowa.

Zaurenmu a lokacin masaukin mutanen Rijiyar Goni ne. Duk wanda ya zo cin rani nan yake kwana, Inna ke ba su tuwon dare, ba ta taɓa gajiya ba, don a bakinsu take jin labarin gida. Ruwan farko yana sauka su ɗaure kaya su koma noma. A cikinsu akwai Gana, ɗan aminiyarta ta ƙuruciya, magidanci ƙaƙƙarfa. Ana cikin wannan zaman doya da manja sai aka kawo shi a amalanke, buhun gyaɗa ya zame masa yana hawa dala, baya ya riƙe. Inna ta manta da fushi ta fito da ruwan zafi da man shanu tana gasa masa. Ina ƙofar shago, wanda ke manne da zauren, ina jin su.

"Sannu, ɗana. Ka lallaɓa ka warke, damina ta same ka a gida."

"Wane gida, Ya Kaltume? Ai bana na taho ke nan. Na aika a kawo mini iyali."

"Uwarka fa?"

"Ita ma in ta yarda."

Inna ta ci gaba da matsa tsumma. Can ta fara tambayar gidaje, ɗaya bayan ɗaya, da sunayen da ta sani tun tana amarya. Gidan wane fa? Sun tashi, suna wajen haƙar kuza. Gidan wance fa? An toshe ƙofar da ƙaya. Masu jima na bakin kasuwa fa? Sai tsohon kaɗai, shi ma ba ya gani. Sauran samarin suka sa baki, kowa yana faɗin wanda ya sani ya tafi. Wani ya ce in makaranta ta tafi garin gaba, kasuwa ma za ta bi ta, don mota inda malamai da ma'aikata suke nan take tsayawa. Ba wanda ya faɗi haka don ya lallashe ta. Hira kawai suke yi, ba su ma san tana auna kowace kalma ba. Ta ɗaga kai ta dubi zauren, ga tabarmi jere har bakin ƙofa, ga 'ya'yan ƙawayenta duk a kwance a Fagge. Na ji ta ce a hankali, kamar da kanta take, "Ashe garin ne ya biyo ni."

Washegari da hantsi ina taka keke sai na ga inuwa a ƙofar shago. Inna ce. Tun da na buɗe shagon nan ba ta taɓa taka shi ba. Ta tsaya ta dube ni ido cikin ido, abin da ban saba ba, har na rasa inda zan sa fuskata.

"Kai," ta ce. Ni take nufi, ba Hajara a tsakani. "Wannan makarantar, in an yi ta, yaran za su zauna?"

Na so in ce mata e, wallahi na so. Amma ba a yi wa Inna ƙarya.

"Ban sani ba, Inna. Ko an yi, wasu za su tafi. Amma in ba a yi ba, duka za su tafi. Waɗanda suka tafin ma, gara su tafi da alƙalami da su tafi da gammo."

Ta daɗe tana kallona.

"Da ka ce mini duk za su zauna, da yanzu na sa ka shigo da geron nan ko kana kuka."

Ta juya ta tafi. Ba ta ƙara ko kalma ba sai ranar Juma'a.

Da aka sauko daga masallaci ta aika aka kira limamin unguwa da mai unguwa, ga 'yan cin rani, ga Falmata a bayan ƙofa. Inna ta fito da mayafinta na zuwa biki. Ta je gaban damin ta tsaya. Na ga hannunta ya ɗaga zai zari zangarniya kamar yadda ta saba, sai ta mayar da shi cikin mayafi. Ta juya wajen Baffa.

"Bukar, ɗauki daminka. Ni da 'ya'yan Kyari mun saki Gonar Tudu. Ku shaida."

Liman ya tambaye ni, na ce na saki. Ya tambayi Falmata, ta amsa cikin kuka. Baffa Bukar, dattijo da furfura, ya rufe fuska da hannun riga. Da aka shafa fatiha ya ce tun da geron ya riga ya zo, a bar shi a yi wa yara fura ko sau ɗaya, ai yanzu kyauta ce ba shaida ba.

"Kul!" in ji Inna. "Yau kyauta, gobe wani jikana marar kunya ya tashi ya ce ai ana kawo mana dami, gonarmu ce. Ka mayar da shi. Ka ba malamin da za a kawo, yaran su shuka a bayan makaranta, kada karatun ya mantar da su fartanya."

Ta sa Hajara ta share ƙwayoyin da suka zuba a ƙasa, aka juye su cikin tabarmar aka ɗaure. Ni na ɗauki damin a ka na mayar da shi tashar Sabon Gari, ta hanyar da na saba kawo shi. Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyinsa ba, kuma ban taɓa tafiya ina jin kaina a sama kamar ranar ba. Uwata ce ta yi wannan. Matar da ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba.

Da na dawo na tarar ta yaye zanen da ke kan kayan komawa gida, ta raba wa Hajara da Falmata ƙore da tukwane. Sannan ta ce, ta bakin Hajara kamar da, a gaya wa mai keke ya nemo mata dashen lemon tsami. Da hannunta ta haƙa rami ta dasa. Shi ne wannan da kuke zama a gindinsa kuna cewa na rikice. Kada ku zaci abin ya zo mata da sauƙi. Duk kaka, in ta ji an ce motar gabas ta iso, sai ta shige ɗaki ta yini ba magana. Ba ta sake shan fura ba har ta koma ga Allah. Ta ce geron kasuwa yashi ne a bakinta. Na sha roƙonta in kai ta ta ga makarantar, ta ce ba za ta je ta tsaya kamar baƙuwa a inda ta so ta mutu ba. A Fagge muka binne ta, kusa da mijinta. Baffa Bukar ma ya ɗanɗana, don gonar kwari ya koma, wadda ruwa ke cinyewa duk shekarar da damina ta yi ƙarfi, kuma ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba.

Makarantar da ɗakuna biyu na ƙasa ta fara, da malami ɗaya, yara suna zaune a kan buhu. Malamin ya cika wasiyya, aka shuka geron a bayan aji, kuma tun daga nan ba a taɓa rasa gonar makaranta ba. Saboda wannan gonar ne, da hukuma ta tashi neman inda za ta horar da malaman gona, aka ce ga wuri a shirye. Daga nan ta zama kwaleji, ana koyar da noma da kiwo da aikin malanta. Garin da ya kusa zama kufai ya cika, kasuwa ta dawo, maƙwabta suka riƙa ba da nasu filayen ana ƙarawa. Ina da furfura gwamnatin jiha ta mayar da ita jami'a. A littafin tarihinsu an fara ne daga ranar da aka sa hannu a doka. Ban yi fushi ba. Mai rubutun ba ya zauren nan ranar Juma'ar.

Na je na gan ta sau ɗaya, lokacin da jikata Kaltume, mai sunan Inna, ta shiga karatun noma a can. Jami'ar ƙarama ce, ba zan yi muku kuri ba. Babu dogayen benaye irin na jami'o'in birni, wutar lantarki sai ta ga dama, ranar kasuwa jakuna ta tsakiyarta suke ratsawa ba mai hana su. Amma ɗalibanta 'ya'yan manoma ne da makiyaya, waɗanda da ba ta nan da ko ƙofar jami'a ba za su gani ba. Likitan dabbobin da ke duba shanun yankin a can ya yi karatu, haka malaman makarantun ƙauyukan, haka masu fito da irin gero mai jure fari. Na tambayi wani malami sunan kakansa, ya ce Gana. Na ce masa na san kakanka, na san ranar da bayansa ya riƙe. Tsamiyar tana nan a bayan ɗakin karatu, an zagaye ta da benci. Na je gabas da ita na tsaya, inda ƙofa za ta kalli rijiya. Wasu 'yan mata ne zaune a wurin da littattafai suna gardama a kan taki. Na yi kuka har Kaltume ta ji kunya ta ja ni muka tafi.

Ita ce ta ba su labarin, rabinsa, don rabin ta sani. Shi ya sa shugaban jami'ar, mutumin kirki mai ladabi, ya taso takanas da mutanensa har Fagge don su gode. Kun gan su. Abin da ba ku gani ba shi ne abin da ya same ni da aka buɗe bayan mota aka sauko da damin nan, geron Gonar Tudu, aka jingine shi a daidai bangon da wancan ya jingina. Ƙamshin ya buge ni tun daga kujera. Yawuna ya tsinke kamar na yaro. Na ga turmin Inna, na ga dunƙulen fura a ƙwarya. Kai, Sani, har ka sunkuya za ka ɗauka ka yi ciki da shi, kai da kake magajin gidan nan. Shi ya sa na daka maka tsawa. Na so in yi wa baƙin bayani, amma abin da ya iya fita kawai shi ne, "A mayar."

Gobe ku shirya, kai da Kaltume, ku je ku sami shugaban ku ba shi haƙuri, ku karanta masa wannan. Ku ce masa na gode, kuma ziyararsa ta fi mini kujerar Makkan da Sani ke magana. Bayan raina kuma, in wani ya sake zuwa ƙofar nan da dami daga Rijiyar Goni, ku shimfiɗa masa tabarma, ku yanka masa kaza, ku kwana kuna hira. In zai tafi ku ɗora masa daminsa ku raka shi har mota. Ko ƙwaya ɗaya kada ta wuce zaure. Inna ta so geron nan fiye da yadda za ku taɓa son wani abu, ta mayar da hannunta cikin mayafi. Ba aro muka ba su ba.